Kwana Uku da Na Ba Nafisa Katina

Assalamu alaikum. Duk wadda take da tsohuwa a gida, ta ɗan ajiye abin da ke hannunta ta karanta wannan har ƙarshe. Ba don a tausaya mini na rubuta ba, an riga an tausaya mini fiye da yadda na cancanta.

Sunana Zainabu. Shayi nake sayarwa a bakin titin Kalakla, wata unguwa a Hartum, kuma duk wanda ya taɓa zama a kan kujeruna ya san bakina ba ya riƙe magana. Mu uku ne a wurin mahaifiyarmu, Hajja Rakiya: ni, sai Usmanu mai tuƙa raksha, keken haya mai ƙafa uku, sai autarmu Nafisa da ke aure a Jabal Awliya. Su suna ce mata Inna, ni Hajja nake ce mata, domin ni ce 'yar fari. Tun da aka yaye ni kakata ta ɗauke ni, a hannunta na girma can Jazira, inda iyayenmu suka yi aikin auduga. Hajja ba ta faɗin sunana, ba ta kallon idona, ba ta cin abinci a gabana. In za ta yi maganata sai ta ce "ta Kalakla". Ban taɓa ɗaukar wannan da zafi ba. Haka uwarta ta yi wa nata ɗan farin, haka maƙwabtanmu a Mayo, unguwar da gidan Hajja yake, suke yi, kuma mace mai kunyar ɗan fari yabonta ake yi.

A azumin shekarar korona ta faɗi, lokacin da aka rufe gari. Mai jakin ruwa ya zo ya cika ganga, ruwa ya zube a tsakar gida, ita kuma ta fito ɗauke da tiren gyaɗar da take soyawa. Santsi ya kwashe ta. Usmanu ya kira ni a waya yana haki. Da na iso na tarar an kwantar da ita a kan angarib, gadonmu na igiya, ƙafar dama ta juye waje, kuma ta fi ta hagu gajarta. Ba ta kuka, zufa kawai take yi. Tana ganina ta ja tob ɗinta, dogon mayafin da muke naɗawa, ta rufe ƙafar.

Satin farko mu muka ɓata shi da hannunmu. Kawu Bala, yayan Hajja, shi ne babba a gidan, ya ce asibiti yanzu wurin ɗaukar cuta ne, wanda ya shiga da ƙafarsa a kwance yake fitowa. Ya kawo maɗori. Mutumin ya shafa mai, ya ce gocewa ce kawai, ya sa Usmanu ya danne kafaɗunta, shi kuma ya ja ƙafar. Ina bakin ƙofa na ji ƙarar da ta yi. Wallahi ban san Hajja tana da irin wannan murya ba. Ya ɗaure da kara da tsumma, ya ce kwana bakwai za ta taka. Mata suka yi ta shigowa, wannan ta ce a shafa hulba, waccan ta ce a gasa da yashi mai zafi, wata ta rantse iska ce ta ture ta, domin mutum ba ya faɗuwa haka kawai a gidansa. A kwana na shida cinyar ta kumbura ta yi baƙi. Na ce wa Kawu ko ya yarda ko bai yarda ba asibiti za mu. Ya ce dama ya san ba ni da ladabi. Na ce na ji, a ɗauko ta.

Sati na biyu a ƙofar asibitoci muka ci shi. Usmanu ya cire kujerar bayan raksha muka shimfiɗa katifa. Wani wurin an rufe shi gaba ɗaya, wani ma'aikatansa sun gudu saboda babu abin kare fuska, wani kuwa mai gadi yana hango mu ya ɗaga hannu daga nesa yana cewa ma'alish, wato a yi haƙuri, babu gado. Duk ramin da raksha ta faɗa sai Hajja ta ciji leɓe. A wani ƙaramin asibiti aka ɗauki hoton ƙashin, mutumin ya ɗaga shi a hasken taga ya nuna mini: kan ƙashin cinya ne ya tsinke, can inda ya shiga kwatangwalo. Ya ce wannan ba ya haɗewa da ɗori ko da shekara za a yi, sai an yanka an sa ƙarfe, kuma kowace rana da ta wuce tana rage mata. Ya rubuta mana sunan wani asibiti a Umdurman da har yanzu ake aiki.

An rufe gadoji, sai da takarda ake haye kogi. Kwana biyu Usmanu yana bin takardar nan a rana da azumi a bakinsa. Allah ya saka wa wani soja da alheri, ban san sunansa ba, wanda ya leƙa cikin raksha a kan gada ya ga fuskar Hajja, bai ko karanta takardar ba ya ce mu wuce.

A Umdurman aka tsoma mata tsinke a hanci, aka ce sai sakamako ya fito babu korona za a taɓa ta. Sannan aka gaya mana doka: mai jinya ɗaya, murafiƙ kamar yadda suke cewa, da kati a wuya. Wanda ya shiga ya shiga ke nan, babu canji, babu 'yan dubiya. Namiji ba ya kwana a ɗakin mata, don haka Usmanu ya fita daga lissafi. Nafisa tana goyon ɗan wata goma. Saura ni.

Hajja ta dubi Usmanu ta ce, "Auta fa?"

Ya ce, "Inna, auta tana da yaro a nono. Ga Yaya Zainabu."

Ta juya fuskarta bango, aka tura gadon, na bi su da leda biyu a hannu.

Ku da kuka taɓa jinyar wanda ƙugunsa ya karye kun san abin da ake nufi. Ba ya tashi, ba ya juyawa. Kai za ka sa masa fo, kai za ka yi masa tsarki, kai za ka ɗaga shi ka gyara shimfiɗa. Ranar farko da na ɗauko fo, Hajja ta ƙanƙame bakin zanenta da hannu biyu. Na ce, "Hajja, ni ce fa." Ai nan matsalar take, ni ce. Ta daina shan ruwa don kada fitsari ya kama ta. Ta daina cin abinci. In na miƙa mata kofi sai ta ce wa bango, "Azumi nake." Na ce likita ta ce babu azumi a kanki.

A gadon da ke kusa da mu akwai wata Balarabiya dattijuwa, Hajja Batul, ita hannu ta karya. Mace mai barkwanci, tana raba dabino ga kowa. Ita Hajja ta mayar 'yar aike. Ina zaune a gefen gadon, gwiwata tana taɓa ƙarfensa, sai Hajja ta ce mata da Larabci, "Ki gaya wa waccan ta rage fanka." Hajja Batul ta yi ta dariya kwana ɗaya, rana ta biyu ta daina. Ta jawo ni ta tambaye ni a hankali, "'Yarta ce ke kuwa? Me kika yi mata?" Na ce ban yi mata komai ba, haihuwata kawai ta fara yi. Na yi ƙoƙarin bayyana mata cewa a wurinmu wannan girmamawa ce, ta kaɗa kai ta ce ku Fallata, sunan da suke kiranmu da shi ke nan, Allah ya shirye ku.

Kwana huɗu muka jira sakamako, ya fito lafiya. Ƙarfen da za a sa mata babu shi a asibitin, sai a waje. Na cire awarwaron zinariyata na miƙa wa Usmanu ta tsakanin ƙarafen ƙofa, ya je ya sayar ya sayo. Jini ma shi ya bayar. Aka yi aikin da safe, kafin azahar aka fito da ita.

Likitar ƙashin mace ce ƙarama, ba na jin ta kai ni shekaru, idanunta sun faɗa saboda rashin barci. Ina gode mata har gobe, ko da yake ita ce ta fi kowa ci mini fuska. Ta tsaya a kaina ta ce, "Aiki ya yi kyau. Ƙafa tawa ce, na gama da ita. Huhu naku ne. Gobe ta zauna, jibi ta tsaya. A juya ta, a sa ta tari, a ba ta ruwa. Tsohon da aka yanka, in ya kwanta ruwa ya taru a ƙirjinsa. In kuma cutar nan ta same shi a wannan halin, ba ni da abin da zan yi masa. Kada kowa ya shigo mata daga waje." Na ce to. Na ji kowace kalma, kada wani ya ce ban ji ba.

Washegari na zo zan zaunar da ita. Dole sai na rungume ta, ƙirjina a ƙirjinta, hannuna a ƙugunta. Tun ina 'yar shekara biyu jikina bai taɓa nata haka ba. Ta sandare, ta ƙi ba ni nauyinta, ta ce wa Hajja Batul, "Ki ce ta bari, jiri nake ji." Na bari. Na kira ma'aikaciyar jinya, ita kaɗai ce a kan ɗaki biyu, ta ce tana zuwa, ba ta zo ba sai la'asar. Ita Hajja ta yarda ta juya ta, ta yarda ta sa mata fo. Baƙuwa ta fi ni. Sau ɗaya a yini take samun zuwa, sauran sa'o'in Hajja tana kwance a wuri ɗaya, tana riƙe da abin da ke cikinta.

Rana ta uku fitsari ya ƙwace mata. Ta ɓoye, ta kwanta a cikinsa tun safe, sai wari ne ya gaya mini. Nan haƙurina ya ƙare. Na fizge mayafin na ce, "Haba Hajja! Wace irin kunya ce wannan? Mutuwa kike so ki yi a kan wannan gadon don kada in ga cinyarki? Ni ma daga nan na fito!" Hawaye ya gangaro mata ta gefe ya shiga kunne, ba ta share ba. Na wanke ta da ƙarfi tana rufe da ido. A lokacin na ga bayanta ya fara saɓulewa, ja-wur, wajen ƙashin zama. Daga ranar ko ta hanyar Hajja Batul ta daina yi mini magana.

Rana ta huɗu likita ta zo zagaye, ta ɗaga zanen, ta ga gyambon. Ta juyo kaina a gaban kowa. Ta ce me nake yi a nan, hira na zo ko jinya? Ta ce ta ga 'ya'ya marasa tausayi amma irina kaɗan ne. Ta ce in tsohuwar nan ba ta tsaya da ƙafarta cikin kwana biyu ba, in shirya likkafani. Ni da bakina ba ya mutuwa a Kalakla, ko a ban iya cewa ba. Ta yaya zan gaya wa likita cewa uwata ta fi son ta ruɓe a kan in taɓa ta, kuma duk unguwarmu za su ce ta kyauta?

Na fita baranda na kira Nafisa. Na ce, "Ki bar wa uwar mijinki yaron ki zo. Hajja ba za ta tashi a hannuna ba."

Ta ce, "Yaya, ai sun ce ba a canji."

Na ce, "Wannan nawa ne. Ki zo kawai."

Sai ta yi tari. Ba babba ba, busasshe, sau biyu. Ta ce, "Yaya, kwana biyu nan ina jin jikina wani iri. Mura ce nake gani, amma jikina da ɗumi. Kuma baban yaron ma yana kwance tun da ya dawo daga kasuwar kifi. Anya kuwa in zo?"

Ita ta tambaya, ku riƙe wannan. Ita ta ce anya. Ni kuwa kwana tara ban yi barcin kirki ba, zagin likita yana kunnena, ga warin gyambo a hannuna. Na ce, "Murar fanka ce, kowa yana yinta. Suna auna zafi a ƙofa, ki haɗiyi ƙwayar zazzaɓi biyu kafin ki iso. Kada ki gaya wa Usmanu, surutu gare shi."

Ta ce, "To, Yaya."

Canjin ko wuya bai yi ba. Washegari da hantsi na fito kamar zan karɓi abinci. A bayan wata motar da aka ajiye na cire tob ɗina shuɗi na ba ta, na rataya mata katin. Kowa fuskarsa a rufe take da takunkumi, tsayinmu ɗaya. Mai gadi ya ɗora mata na'urar a goshi, ya duba, ya ce ta shiga. Da na taɓa hannunta wajen ba ta katin, na ji zafinsa. Na saki hannun na hau rakshar Usmanu, wanda ya kawo ta.

Na koma Kalakla na yi barcin da ban taɓa yi ba. Da la'asar Nafisa ta kira, murya cike da murna. Inna ta sha kunu kofi guda, ta ci kisra, gurasar nan ta dawa, da miya, ta yarda an wanke ta. Washegari ta zauna a bakin gado tana tsokanar Hajja Batul. Rana ta uku Nafisa ta turo mini hoto a waya: Hajja a tsaye, riƙe da ƙarfen dogarawa, hannun auta a ƙugunta, tana dariya har ana ganin giɓinta. Taku shida ta yi. Likita ma, wadda ba ta gane an canja mutum ba, ta ce wa Nafisa yanzu kika zama 'ya. Na yi hamdala, na yi sujada a tsakar ɗakina. Kuma ba zan ɓoye ba, na ji haushi. Kwana tara na yi ina bauta, ko kallo ban samu ba, ita a yini ɗaya ta samu dariya. Na ce a raina dabarata ce dai ta tayar da ita.

A daren kwana na uku zazzaɓi ya rufe Nafisa, ƙwaya ta daina riƙe shi. Da safe ta kira ta ce ba ta jin ƙanshin komai, ko na maganin da ake goge ƙasa da shi. Na ce ta fito maza kafin a gane. Muka sake canjawa a bayan motar nan. Tana tafiya tana dafa bango.

Hajja ta ga na dawo, dariyar ta ɗauke. Amma ta riga ta koyi tashi da ƙarfen, tana lallaɓawa bayan gida da kanta, ni ina biye da ita a baya ba na taɓa ta. Likita ta ce in an cire zare za a sallame mu. Usmanu har ya yi cinikin ɗan akuya na karama, wanda za a yanka ranar da ta dawo gida. Kwana biyu na yi ina cewa Allah ya rufa asiri.

Rana ta uku na lura ba ta gama salla a zaune sai ta tsaya ta huta. Na ce, "Hajja, lafiya?" Ta ɗaga kai wai lafiya. Ta ja mayafi har hanci don kada in ga yadda ƙirjinta yake hawa da sauka. Da a ce auta ce a wurin, da tun safe ta gaya mata. Ni sai da yamma, da na kawo mata ruwa ta miƙo hannu, na ga farcenta ya yi duhu, leɓenta ma haka. Na taɓa goshinta ba tare da neman izini ba. Wuta.

Likita ta maƙala mata wani abu a yatsa, ta duba, ta sake dubawa. Ta jawo ni waje ta ce, "Wa ya shigo mata?"

Na ce, "Babu kowa."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Allah ya sani."

Sakamako ya fito, cutar ce. Aka kwashe ɗakin gaba ɗaya. Hajja Batul ma ta fara tari a ranar, 'ya'yanta suka zo suka ɗauke ta zuwa wani wuri. Tana fita a keken marasa lafiya ta ɗaga mini hannunta mai lafiya ta ce in gaishe da uwata in ta farka. Ban san abin da ya same ta ba. Ban karɓi lambarta ba, kuma ban nema ba, domin ina tsoron abin da za a gaya mini.

Sati na biyar na iska ne. Asibitin ba su da isasshen oksijin, tukunya ɗaya ake zagayawa da ita tsakanin gadaje. Usmanu ya zagaye Umdurman da Hartum yana neman tukunya, ya samu wata a hannun wani maƙeri, ya bi layin cikawa tun asuba har azahar. Kwana biyu tukunyar take yi ta ƙare. A ƙarshe aka samu gado a wurin killace masu korona a Hartum, aka zo da mota. Can babu mai jinya, babu kati, babu kowa. Mutane biyu cikin fararen riguna har ƙasa suka ɗauke ta. Na bi gadon har bakin motar ina cewa, "Hajja, ki yafe mini." Robar iska tana kan fuskarta, ban sani ba ko ta ji. Idonta yana kan ƙofar asibitin, inda masu kawo abinci suke tsayawa.

Kwana huɗu muna zuwa muna tsayawa a bakin katanga. Kullum da hantsi wani yana fitowa da takarda ya karanta sunaye. Rana ta biyar ya karanta nata a cikin jeri na biyu, na waɗanda suka rasu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba a ba mu ita mun wanke ba. Matar da ta wanke gawar rabin matan Mayo, a cikin leda aka kai ta. Usmanu da Kawu Bala da mutum uku suka yi mata salla daga nesa. Ɗinkin ƙugunta kuwa ya warke sumul, haka takardar ta ce.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan, ku masu tsofaffi. In tsoho ya faɗi ƙafa ta juye, kada ku tsaya wajen maɗori, satin nan da muka ɓata shi ya fara raunana ta. In an yi aiki, ku tayar da shi ko yana zaginku. In lokacin annoba ne, mai ko da atishawa kada ya matso kusa, ko shi ne ɗan da ya fi so. Kuma tun kafin a shiga asibiti ku zauna ku duba wa tsohon zai yarda ya taɓa shi. Da mun faɗa wa likita gaskiya tun ranar farko, wataƙila da ta samo mana hanya. Kunya ta hana Hajja, ni kuma girman kai ya hana ni.

Saura abin da ban taɓa faɗa ba. Ranar sadakar bakwai, duk da dokar hana taro, gidan ya cika. Nafisa ta warke, ta zo a rame, nononta ya ƙafe. Maganar canjin kati ta riga ta fita, domin Usmanu ya san shi ya kai ta asibitin. Kawu Bala ya tara mu a ɗakin Hajja, mata suna leƙe ta taga. Ya ce, "Nafisa, da zazzaɓi a jikinki kika shiga wurin uwarki?"

Ta ce, "E, Kawu."

Ya ce, "Yayarki ta san ba ki da lafiya?"

Nafisa ta ɗago ta dube ni. Ina zaune kusa da ita, carbi a hannuna. Kalma ɗaya ce ake nema daga bakina, ni mai maganar da ba ta ƙarewa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da jan carbi.

Ta ce, "Ba ta sani ba."

Kawu ya ce abin da ya ce. Ya ce son a ce ita ce 'yar gaban goshi ya sa ta kashe uwarta. Ya ce kada ta ƙara taka masa gida. Mata suka ɗauka suka fita da shi, kafin magariba duk Mayo ta ji. Ni kuwa aka yi ta riƙe hannuna ana cewa sannu Zainabu, ke kika yi jinya, ke kika sayar da zinariyarki, Allah ya ba ki masu yi miki. Na amsa da amin. Usmanu ya yi shekara bai gaishe ta ba. Biki ko suna in ta shigo, sai a ga mata suna janye 'ya'yansu kamar har yanzu cutar tana jikinta. A hankali ta daina zuwa. Ni ina zuwa ko'ina, ana ba ni tabarma mai kyau.

Bara Kawu Bala ya rasu. Watan jiya na zauna na rubuta wannan, sannan na kira Nafisa na karanta mata tun daga farko, ina yi ina kuka. Ba ta katse ni ba. Da na gama na ce, "Auta, zan tura wa kowa. Zan wanke ki."

Na ji tana hura wuta, yaranta suna hayaniya a bayanta. Ta ce, "Yaya, Kawu ya mutu yana tsine mini. Ina ƙofar gidansa ranar, aka hana ni shiga in roƙe shi gafara. Shi za ki karanta wa?"

Na ce, "Sauran mutane fa?"

Ta ce, "Ki tura in zai sa ki yi barci. Ni abincina zai ƙone." Ta kashe wayar.